Shekarar da Na Kai Kwano da Kaina

Na sha jin kuna faɗa, wani lokaci cikin raha, wani lokaci ba raha, wai Umma ta ba da gonar Baba a kan kwanon gireba. Yanzu har jikokina sun ɗauka. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo, na kuma san labarin da aka bari yana yawo ba a gyara shi ba, shi yake zama gaskiya a bakin mutane. Saboda haka zan jera muku abin da ya faru a wannan shekarar yadda ya faru. Ba afuwa nake nema ba. Da za a maido ni wannan ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Sai kun fara sanin kwanon kafin ku san gonar. Kakarku Iya, mahaifiyar babanku, ita ta kafa al'adar a tsohon gidanmu na Haɗejiya. Duk ƙaramar Sallah, a kwanakin ƙarshe na azumi, takan sa a ɗebo alkamar gonarsu ta fadama, a surfa, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi. Da wannan garin ake kwaɓa gireba, da man gyaɗa da sukari. A barbaɗa riɗi a ƙaramin ludayi, a danna kwaɓin a ciki, a kife a kan faranti. Ba ta yarda da fulawar kanti ba. Gashin kuwa a tukunyar ƙarfe ake yi: yashi a ciki, farantin a kan yashin, garwashi a ƙarƙashi, garwashi a kan murfi. 'Ya'yanta maza biyu ne, babanku da ƙaninsa Baffa Haruna. Da muka gina namu gidan muka tashi, sai ta kafa doka cewa ranar Sallah, kafin a kai wa kowa komai, kwanon farko daga gidanmu tsohon gida zai nufa, kuma ba a maido shi wayam. Gireba ɗaya ce, tukunya ɗaya ta gasa ta a tsohon gida, amma sai an kawo mana rabonmu sannan mu cika kwano mu mayar. Na taɓa tambayarta amfanin wannan zagaye. Ta ce ba don gireba ake yi ba, don ƙafa ake yi. Unguwa duk ta san kwanon, fari ne mai murfi da jan baki. Matan da ke leƙe ta zaure in sun ga ya wuce, sun san gidajen nan biyu lafiya suke.

Ni ban iya gireba ba. Facalata Yagana, matar Haruna, ita ta zauna da Iya ta koya, ita kuma ta riƙe tukunyar bayan rasuwarta. Ni sai jajibirin Sallah nake isowa daga wurin aiki, a gajiye, a ba ni aikin jerawa a kwano. Haruna ƙanin miji ne, akwai wasa tsakaninmu, kuma ba ya barin in zauna lafiya.

"Matar Yaya, matso ki karanta wa tukunyar nan labaran duniya ko ta yi saurin nuna."

"Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa ba?"

"Ni ai ci aka koya mini, kuma na ƙware."

Haka muka yi ta yi har na bar aiki na dawo gida, har babanku ya rasu. Na fita takaba ba da daɗewa ba kogi ya cika ya yi ambaliya, ya kwanta a kan fadama makonni. Tun babanku yana raye sun raba gonar shi da Haruna, iyakarsu jerin gamba ce da wani kututturen goruba. Da ruwa ya janye, babu gamba, babu kututture, sai laka da yashi shimfiɗe kamar ba a taɓa noma wurin ba. Da sanyi ya shigo Haruna ya shuka alkama har zuwa inda ya ce nan ce iyakarsa. Yayanku Abba, ɗana na fari, wanda gonar babanku ke hannunsa, ya ce an shigo masa da kunyoyi masu yawa. Dattawa suka shiga, aka faɗi maganganun da bai kamata a faɗa ba, daga ƙarshe Abba ya kai ƙara kotu, aka sa zama bayan Sallah. Girbi ya zo daidai da azumi. Mai unguwa ya ce alkamar wannan tsirin da ake rigima a kai a zuba ta daban, a ajiye buhunan a zaurensa, kada kowa ya taɓa sai an yanke hukunci.

Ban taɓa ɓoye ra'ayina ba, kuma ba zan ɓoye shi a nan ba. A ganina Abba ne da gaskiya. Na san inda kututturen yake, na sha ajiye ƙwaryar fura a kansa. Amma ban yarda Haruna ƙarya ya shirya ba. Ruwa ya sauya wa ƙasar kama, kowa ya tsaya a inda idonsa ya gaya masa.

Azumi ya raba tsakiya, wata rana bayan mun sha ruwa, Abba ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Umma, bana kwano ba zai fita ba."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Wanda ya ci ƙasar marayu ba zai ci girebar gidan nan ba."

"Marayun har da mai gemu da 'ya'ya?"

Bai yi dariya ba.

"Kuma ma wa zai gasa? Inna Yagana ce mai gashi, ita kuwa tana can."

A nan ya yi gaskiya. Amma na kwana da lissafina. Kotu za ta iya faɗin inda iyaka take. Ba za ta faɗi wanda zai ba da auren autarku Hafsatu ba, wadda a lokacin ba ta yi aure ba, kuma baffanta ne ya kamata ya ba da ita. Na san gidaje a garin nan da kwano ya fasa wucewa tsakaninsu Sallah ɗaya tak, yau jikokinsu suna haɗuwa a kasuwa ba su san juna ba. Ba a sanar da yanke zumunci. Kwano ne kawai ba ya zuwa, kowa ya gane, kowa ya yi shiru, baɗi kuma kunya ta hana a fara. Na ƙudurta bana sai kwanon ya wuce ta wannan layin, kuma da girebar Iya a ciki, ba cincin ɗin kanti ba.

Da safe na yafa mayafi na nufi zauren mai unguwa. Buhunan na jingine a lungu, an ɗaure bakinsu da igiya. Muka gaisa, ya yi mini barka da shan ruwa.

"Ranka ya daɗe, alkama na zo ɗiba."

"Hajiya, wannan alkamar ba ta da mai ita tukuna."

"Shi ya sa nake son ta. Gireba zan gasa in kai wa Haruna. In tasa ce, na mayar masa da kayansa. In tamu ce, na yi masa kyauta. Ko ta wace hanya dai cikinsa za ta."

Ya daɗe yana shafa gemu. Na ga yana danne dariya.

"In wani ya yi magana fa?"

"A cire a tumunina na takaba."

Ya kwance buhu da hannunsa ya auna mini abin da zai ishi gashi, ya ce ba zai sake kwancewa ba. A hanyar dawowa maganar da na faɗa ta riƙa dawo mini. Tumuni shi ne ɗaya bisa takwas ɗin da matar mamaci take da shi a gadon mijinta, kuma ba mu riga mun raba gadon babanku ba. Na biya ta wurin malamin da zai raba mana, na tambaye shi ko ana iya yanka mini nawa kason a wannan gefen da ake rigima a kai. Ya ce in magada sun yarda, babu laifi. Na riƙe wannan a raina, na koma kan tukunya.

Wanda bai taɓa zama gaban garwashi da tsakar bazarar Haɗejiya yana azumi ba, ba zai gane waɗannan kwanakin ba. Na samo wata tukunyar ƙarfe, na sa aka ɗebo mini yashi a bakin kogi. Na kwaɓa yadda na sha ganin Yagana tana yi, na jera, na rufe, na zuba wuta sama da ƙasa. Da na buɗe, gindin ya yi baƙi ƙirin, saman ɗanye, duk suna warin laka. Maƙwabciyata Malama Saratu, malamar makaranta ce 'yar kudancin Kaduna, wadda duk Kirsimeti take aiko mana da kek, ta leƙo ta kan katanga.

"Maman Abba, gidan ne ya kama da wuta ko girki ne?"

"Gireba ce."

"Allah ya jiƙanta."

Ta zagayo ta shigo, ta ɗaga ɗaya ta juya ta, ta ce in kawo kwaɓin mu sa a abin gashinta na gas, kafin la'asar an gama. Na gode mata na ƙi. Yagana da cizo ɗaya za ta san ba ta hau yashi ba, kuma abin da za ta karanta a ciki shi ne na bar hanyar Iya. Ba saƙon da nake son aikawa ke nan ba. Sai dai akwai matsalar da ban hango ba: mai azumi ba ya ci, gireba kuwa ba a sanin ta da ido, sai ta narke a baki. In na jira shan ruwa, gwaji ɗaya zan riƙa yi a yini, Sallah kuma ba za ta jira ni ba. Saratu ta jawo kujera ta zauna a inuwa.

"Tunda bakinki a ɗaure yake, ari nawa."

Na ɗauki abin yadda muke gyara sauti a ɗakin watsa shirye-shirye: abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, a saurara, sannan a taɓa na gaba. Na riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan don kada garin ya ƙare. Na fara da yashin, na wanke shi har ruwan ya fito garau, na shanya. Warin laka ya tafi. Saratu ta gatsa ta tauna.

"Wannan a kai wa magina, za su ji daɗinta."

Na ƙara mai. Ta ce ta kama hanya, amma tana maƙalewa a haƙori. Na rage wutar ƙasa, na ƙara ta murfi. Saman ya nuna, ya yi ja irin na alkamar gida, amma gindin bai daina duhu ba. Kullum in ta taso daga makaranta nan take yada zango, ta ci ta yanke hukunci, ni kuma gumi na zuba, leɓena a bushe. Tabon da kuke gani a wuyan hannuna na dama, murfin tukunyar ne. Wata rana na miƙe jiri ya ɗebe ni, sai da ta riƙe ni ta zaunar.

"Maman Abba, ki bari haka. Gireba ba farilla ba ce."

"Wannan farilla ce."

Ana gobe jajibiri na kwaɓa ragowar garin duka, domin ba ni da wani. Da na sauke, Saratu ta ɗauki ɗaya ta ci. Ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu. Na buge hannun.

"To ai kin ji amsar," in ji ta.

Gindin dai da sauran duhu, amma tana narkewa.

Ba na son a ce na yi abu a bayan idon ɗana, don haka ranar jajibiri na kira Abba ɗakina. 'Yan'uwansa mata sun riga sun yarda. Na gaya masa ina son a yanka mini tumunina a tsirin da ake rigima a kai, kuma in ya zama nawa zan bar wa Haruna, maganar kotu ta mutu. Ya sunkuyar da kai.

"Kin ba shi gaskiya ke nan, Umma."

"Ƙasa zan ba shi. Gaskiya tana wurinka, ban taɓa ta ba."

"Gari zai ce na kai baffana kotu a kan ƙarya."

"Duk wanda ya tambaye ni zan gaya masa inda kututturen yake."

"Da Baba yana raye…"

"Da yana raye, da shi zai ɗauki kwanon."

Ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Ba zan hana ki haƙƙinki ba. Ki ɗauka. Amma 'ya'yana ba za su kai kwanon nan ba."

A al'ada yara ake aika. Da aka sauko daga idi na cika kwanon, na rufe, na ɗauka da kaina. Ban yi sauri ba. Na bi ta tsakiyar layi, na gaisa da duk wadda ta leƙo, na bar kowa ya ga jan bakin kwanon. Na tarar da Haruna a zauren tsohon gida da baƙi. Da ya gan ni ya gyara zama.

"Hajiya, barka da Sallah."

Tunda aka kawo ni gidan nan amarya bai taɓa ce mini Hajiya ba. Wannan kalmar ta fi duk abin da aka faɗa a kan gonar yi mini nauyi. Na ajiye kwanon a gabansa, na faɗi maganata a gaban baƙin, a taƙaice: tsirin ya zama nawa, na bar masa, Abba zai janye ƙara. Bai ce na gode ba, bai ce ba ya so ba. Ya kira a shiga da kwanon ciki. Na bi shi. Yagana ta buɗe murfin, ta ɗauki ɗaya, ta fara juya ta ta dubi gindin, sannan ta gatsa.

"Yaya, wa ya gasa?"

"Ni."

"Da wane yashi?"

"Na bakin kogi. Na wanke shi."

"Shi ya sa."

Ta kau da kai tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa. Na lura babu ƙanshin gashi a gidan, tukunyar Iya tana kife a gindin rumbu. Na yi sallama na dawo hannu sake.

A da, kafin azahar kwanon yake dawowa. Ranar har magariba bai dawo ba. Kashegari ma haka. Abba yana shiga yana fita, yana duban inda nake ajiye kwanon a kan kantar ɗakina. Na zauna na duba abin yadda yake. In Haruna ya riƙe ƙasar ya riƙe kwanon, ko ya aiko shi wayam, to na rasa gonar, na ɓata da ɗana, zumuncin kuma bai tsira ba. Na auna wannan, na ga ko da haka ne ba zan janye maganata ba.

Rana ta gaba da la'asar na ji sallama a zaure, muryar da na sani. Haruna ne, da kansa, ya rungumo kwanon da hannu biyu.

"Matar Yaya, karɓi kayanki, hannuna zai karye."

Na karɓa, nauyinsa ya kusa kuɓuce mini. Na buɗe. Yashi ne, mai manyan ƙwayoyi, ya yi duhu saboda shan wuta, yana ƙanshin tsohon mai da hayaƙi.

"Yashin Iya ne," in ji shi. "Shi ake juyewa a tulu duk shekara a adana. Yagana ta raba shi biyu. Bana ba ta hura wuta ba, ba ta da abin da za ta zuba miki, ta hana ni sakat wai kwanon Iya ba zai koma wayam ba. Ta ce in gaya miki sabon yashi ne ke ƙona miki gindi."

"Kai ka ci?"

"Na ci don kada a ce na raina. Haƙorina ɗaya yana motsi."

"Dama yana motsi tun bara."

"Ke dai ki koma karanta labarai."

Ya dubi ƙasa, sannan ya tambaya ko Abba yana ciki. Abba ya fita ta ƙofar baya tun da ya ji muryarsa.

Yanzu ga abin da na biya, don kada wani ya ce kyauta abin ya zo. Haruna ya karɓi ƙasar, bai mayar ba, ni ma ban nema ba. Ba ni da ko taki ɗaya a fadama daga gadon mijina. Abba ya janye ƙara kamar yadda ya ce, amma kafin damina ya kwashe iyalinsa ya koma wani gida a bakin gari. Yana zuwa gaishe ni, ya durƙusa, ya tambayi lafiya, ya tashi. Salloli sun wuce bai ci girebata ba. Uwa ce kawai ta san abin da wannan yake nufi. A ɗaya gefen, duk shekara kafin azumi ya ƙare buhun alkama yana isowa zaurena daga wannan tsirin, ni da Yagana muna gashi tare, Saratu tana ɗanɗana mana. Haruna ne ya ba da auren Hafsatu, Abba yana zaune a gefensa a kan tabarma ɗaya, ko da yake ba su dubi juna ba.

Azumin bara, matar Abba ta shigo mini da gwangwani wayam a ƙarƙashin mayafi. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce ko zan ɗiba mata yashin Iya.

"Ke kika so, ko aiko ki aka yi?"

"Shi ya ce in tambaya, Umma. Ya ce kada in ce shi ya ce."

Na sauko da tulun na raba shi biyu, na kuma auna mata alkama daga buhun. Ban tambaye ta gidan da kwanonta na farko zai nufa ba. Ranar Sallah bayan an sauko daga idi na sa aka fitar mini da kujera zaure, inda nake ganin hanya. Kwanonsu ya zo, ya wuce ƙofata bai tsaya ba, ya nufi tsohon gida. Ba yaro aka aika ba. Abba ne ke ɗauke da shi da hannu biyu, a tsakiyar layi, fuskarsa a ɗaure.